Murfin Tukunyar Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya jikin Baba, ya ƙoƙari? Ki gaida Gwaggo, ki ce mata ɗanta na wurin fasa dutse yana nan da ransa, bai zama dutsen ba tukuna.

Kin san nan waya ba ta kamawa ko mutum ya hau saman tankin ruwa, don haka sai dai takarda ta hannun direban motar kayan abincinmu, wanda muke kira Sai-Gobe. Duk abin da ka tambaye shi amsarsa ke nan, amma bai taɓa yar da saƙon kowa ba.

Auta, ba na jin daɗi. Mutumin da gadonsa ke kusa da nawa, mai tuƙa motar kwasar dutse, gefen rami ya zame ya danne shi da motar. Ni aka kira da kayan walda na yanke ƙarfen aka zaro gawarsa. Takalmansa suna nan ƙarƙashin gado, ba wanda ya zo ɗauka, ni kuma na kasa taɓa su. Ga wani Gajere a ɗakinmu da rediyonsa, tun safe har yamma ba ya kashewa: can an kashe, can ruwa ya ci gari, can asibiti ba magani. Wallahi kaina ya cika, har hannuna ya fara rawa a kan aiki.

Sai nake tuna Inna, Allah ya jiƙanta. Kin tuna in Baba ya kunna rediyo a kan teburinsa na gyaran agogo aka fara jero masifu, sai ta zo ta murɗe shi, ta ɗauko murfin babbar tukunya da cokali, ta tsaya a kanmu ta ce, "To, duniya ta faɗi nata. Ku kuma me ya yi kyau yau?" Kowa sai ya kawo nasa, ko da maɓallin rigarsa ne ya tsinta, ita kuma ta buga murfin sau ɗaya, ƙwaram! Ranar da shagon Baba ya ƙone ma sai da ta buga, wai ai tabaransa yana aljihu, bai ƙone ba. Maƙwabta har leƙowa suke su ga ko mun zare.

Alfarma nake nema. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, duk takardarki in na buɗe sai gabana ya faɗi. Don Allah daga yau ki riƙa rubuto mini abin buga murfi kawai. Sauran ki bar wa rediyo, ya fi mu iyawa.

Hutu ɗaya tak nake da shi a shekara, na sa shi kafin ruwa ya sauka. Ki gaya wa Baba ina tafe.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yayana, babban injiniyan walda,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya jiƙan abokin ɗakinka, ya ba ka haƙuri. Takalman nan ka ba wani ya fitar da su, kar ka riƙa kwana da su a ƙarƙashin idonka.

Na karɓi sharaɗinka. Sai da na hau kujera na sauko da murfin daga saman kabad, ya yi ƙura, ga lanƙwasar nan a gefensa inda Inna ta fi duka. Gwaggo tana ganina ta ce, "Oh ni! Haukan uwarku ya dawo gidan nan?" Na ce mata ai gado ne, ba a ƙi.

To, buɗe kunnenka.

Na farko: Baba ya taka da sanda daga gado har bakin ƙofar falo. Yana jan ƙafar, yana gumi, ni ina bayansa da hannuwa a buɗe kamar mai kama kaza, amma ya kai. Da ya dafa ƙofar ya juyo ya harare ni, wai na matsa masa. Ƙwaram!

Na biyu: ya yi magana cikakkiya. Ka san tun da abin ya same shi sai dai kalma ɗaya-ɗaya, bakin a karkace. Jiya ya ɗaga ido ya daɗe yana kallon agogon bango, sai ya ce, "Wannan ƙarya yake." Na duba wayata, wallahi ya yi baya. Mutum ya shafe watanni bai haɗa zance ba, da ya tashi haɗawa sai ya ƙaryata agogo. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ƙwaram!

Na uku nawa ne. A shagon wanki da gugar da nake aiki, wani ya kawo farar riga biro ya fashe a aljihunta. Mai shagon ta ce a mayar masa, ba ta fita. Na ce a bar mini. Na jiƙa, na murza, na sake jiƙawa har yatsuna suka yi fari suka tattare, na shanya a inuwa, na bi da dutsen guga. Da mutumin ya zo sai da ya juya aljihun ciki da waje yana neman tabon. Bai ce na gode ba, amma ni na san abin da na yi. Ƙwaram!

Mu ma akwai rediyo a shagon, a kan kanta kusa da kwalin sabulu. Yanzu in ya fara sai in ƙara wa injin wanki gudu.

Na gaya wa Baba kana tafe kafin ruwa. Ya sa na juya masa gadon yana fuskantar ƙofa.

Sauran na bar wa rediyo.

Ƙanwarka, Auta.

*

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa. Da fatan hannun ya daina rawa. Sai-Gobe ya ce ya ba ka waccan, na tambaye shi amsa, ka san abin da ya ce mini.

Mun je asibiti da Baba. Ga abubuwan murfi: mun sami kujera a layin, ba mu tsaya ba. Wata mata ce ta tashi ta ba mu, ita ma da jinjiri a bayanta. Sannan nas ɗin da ta ɗebi jininsa ta sami jijiyar a karon farko. Kai ba ka san girman wannan ba. Akwai ranar da aka yi ta sukarsa har hannun ya yi baƙi, shi kuma ba bakin da zai ce ya isa. Wannan karon tana sa allura jini ya zo. Na so in rungume ta, na tuna ba a gida nake ba. Da muka dawo na buga mata nata.

Baba ya tashi zaune da kansa, ban tallafe shi ba, filo kawai na tura masa a baya. Ya kuma sa maɓalli ɗaya na rigarsa da hannun mai lafiya. A ramin da ba nasa ba ya sa shi, rigar ta karkace, amma na hana Gwaggo gyarawa, haka ya yini da ita.

Ni kuma na yi barci na farka ba ciwon kai. Ban sani ba ko wannan ya kai a buga masa, amma na buga.

Yaushe ne hutun naka daidai? Ba don komai ba, don in wanke labule.

Sauran na bar wa rediyo.

Auta.

*

Zuwa ga Auta sarkin surutu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Takardunki biyu suna cikin aljihun rigar aikina, har sun yi baƙi da mai. Allah ya yi miki albarka, kin dawo mini da barci. Zancen agogon nan na karanta wa 'yan ɗakinmu, har Gajere ya kashe rediyonsa da kansa don ya ji. Yanzu mu ma mun sami namu murfin: wani tsohon faranti na injin niƙa dutse, muna dukansa da sifana. Wanda ya gama yini da yatsunsa goma, a buga. Wanda ya sami nama a cikin miya, a buga. Manaja ya leƙo ya ce ko ƙararrawar gobara ce.

Nawa na wannan makon: na ɗinke wani bututun ruwa da kowa ya ce sai an sayo sabo, ko ɗigo ba ya yi. Takalman nan kuma na kai su ofis da hannuna.

Yanzu ga wata magana, kar ki yi fushi. Matar Gajere ta kusa haihuwa, cikin fari ne, kuma an ce yaron bai kwanta daidai ba. Hutunsa sai bayan damina. Ya zo ya tsuguna a gabana, babba da shi, yana hawaye. Na duba na ga tunda Baba har yana takawa zuwa ƙofa, yana sa maɓalli, yana faɗa da agogo, ai sauƙi ya samu. Sai muka yi musanya, an sa hannu a ofis, shi ya tafi da nawa, ni zan zo da nasa in ruwa ya ɗauke.

Kuma kin san me? Hakan ma ya fi. Kafin lokacin Baba ya ƙara ƙarfi, in zo in riƙe hannunsa mu taka har bakin titi, ya zauna wurin mai gyaran takalmi su yi gardamarsu irin ta da. Ki gaya masa haka. Labulen kuma ki bar shi ya ƙara datti, ba da shi zan gaisa ba.

Ki ci gaba da bugawa, ina ji daga nan.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ga takardarka.

Ka kyauta wa Gajere. Allah ya sauki matarsa lafiya.

Baba ya sha ruwa da cokali bai ƙware ba. Na buga.

Na juya shi ni kaɗai ban fama masa bayan ba. Na buga.

Da na ambaci sunanka ya buɗe ido.

Ban gaya masa zancen hutun ba tukuna, gadon yana nan yadda yake. Ka yi haƙuri da gajartar takardar, Sai-Gobe yana waje yana danna ham.

Sauran na bar wa rediyo.

Auta.

*

Zuwa ga ɗan ƙanena,

Ni ce Gwaggonka. Malamar makarantar da ke ɗakin kusa da namu ce take rubuta mini, na kuma ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara mini ko kalma. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan alheri, gaisuwar ke nan, ba ni da lokacin doguwa.

Kai wane irin yaro ne? Da girmanka da gemunka, a ce maka ubanka ya taka zuwa ƙofa, a dawo a ce ya tashi zaune, a dawo a ce ya haɗiye ruwa, kai kana can kana dukan faranti? Ba ka ga abin ƙasa yake yi ba? Ko sai rediyon ya kira sunan gidanku?

To ni ba a yi sharaɗin da ni ba, saurara. Ciwon ya sake bugun ubanka tun bayan zuwansu asibiti. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ƙodarsa ta gaji, a kai shi gida a kula da shi. Ka san ma'anar wannan, ba sai na fassara maka ba. Ƙafafunsa sun kumbura, bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya. Sandar da aka ba ka labari tana bayan ƙofa, shanya muke yi a kanta.

Ƙanwarka ta bar aikin shago, ba ta gaya maka ba. Ta rame, wuyanta kamar na cokali. Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, ni ƙugu ya hana ni. In ta sami ɗan abin da ya yi kyau sai ta ɗauki murfin nan ta buga a gabansa tana dariya, sannan ta shige banɗaki ta buɗe famfo don kar mu ji kukanta. Ni ina ji. Kunnena bai mutu ba.

Na ce mata, "Rubuta wa yayanki gaskiya." Ta ce, "Gwaggo, ban taɓa yi masa ƙarya ba." Na ce, "Ba ki yi ba, amma kin bar shi a duhu." Ta ce kai ka roƙe ta, wai mutumin da ya yanke ƙarfe ya zaro gawar abokinsa, hannunsa na rawa a kan wuta, in ta ƙara masa damuwa, wani abu ya same shi, ta ce wa wa? Ranar da takardarka ta musanyar hutu ta zo, ta karanta a tsaye, ta ninke, ta je ta wanke labulen nan duk da haka.

Uwarku, Allah ya jiƙanta, na sha yi mata tsiya a kan murfin nan, amma ita sai ta bari an gama jin labarin tukuna take murɗe rediyo. Ranar gobara ai sai da ta je ta ga tokar shagon da idonta kafin ta dawo ta buga wa tabarau. Ku kun ɗauki murfin kun bar wancan.

Ubanka ba ya magana yanzu. Amma duk babbar motar da ta wuce a titi, sai idonsa ya tafi ƙofa ya tsaya har ƙarar ta ɓace. Ni ƙanena ne, na goya shi, ba zan iya ci gaba da kallon wannan ba.

In za ka zo ka zo. In ka tsaya jiran ruwa ya ɗauke, labule kawai za ka tarar.

Gwaggonka.

*

Auta,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun.

Takardar Gwaggo ta zo tare da taki. Na zauna a bakin gado na jera naki duka a kan bargo, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Komai yana ciki. Har tambayata kika yi yaushe ne hutun, ni kuma na tsaya yi miki barkwanci da labule. Ni na toshe kunnena, sannan na ba ki abin toshewar na ce ki riƙe mini. Ba ki da laifi, kar ki kuskura ki ɗora wa kanki. Kunya nake ji, Auta, kuma tsoro nake ji.

Na je ofis. Manaja ya tafi duba wani ramin, ba ya nan, maigadi kuma ba ya barin ma'aikaci ya hau mota sai da takardarsa. Na roƙi Sai-Gobe ya ɓoye ni cikin buhunan da babu komai, ya ce ana bincike a ƙofa, in an kama shi aikinsa ya tafi, ga 'ya'ya. Ƙafa kuma ba ta fitar da mutum daga nan, ruwa ya riga ya fara cika rafin da ke hanya. Don haka takardar nan za ta riga ni.

Zuwan motar na gaba zan biyo ta, da takarda ko ba takarda. Akawun ofis ya ce in na fita ba izini kar in dawo. Na ce masa na ji, in ta kama in ajiye aikin zan ajiye, ai maigadi ba ya tare wanda ya bar aiki. Na riga na haɗa jakata, na ba yaran ɗakinmu kayan waldana su riƙe.

Ki karanta wa Baba wannan da ƙarfi, kusa da kunnensa: Baba, ɗanka ne. Ina hanya. Motar da za ka ji ta tsaya a ƙofa, ba wucewa za ta yi ba, ni ne. Ka jira ni.

Ke kuma daga yau ki rubuta mini komai. Na janye sharaɗin.

Yayanki.

*

Yayana,

Ina gaisuwa. Motar da ta kawo maka wannan takarda ita za ta kawo ka. Na roƙi Sai-Gobe ya ba ka tun kafin ka hau, kar ka yi doguwar tafiyar nan kana sauri a zuciyarka.

Wannan karon ban bar wa rediyo ba, ni zan gaya maka. Allah ya yi wa Baba rasuwa yau da safe. Ina riƙe da kansa, Gwaggo tana riƙe da ƙafafunsa. Bai sha wahala a ƙarshen ba.

Takardarka ta same shi da rai. Jiya da yamma na karanta masa kusa da kunnensa yadda ka ce. Da na kai wurin motar da ba wucewa za ta yi ba, ya buɗe ido. Na ɗauko murfin zan buga, sai na ga hannun mai lafiya yana lalube a kan zanen gado. Na zaci ruwa yake so. Ashe cokalin yake nema. Na sa masa a hannu, na riƙe masa murfin kusa. Ya daɗe kafin ya iya ɗagawa, sannan ya buga sau ɗaya.

Ƙarar ba ta kai ko ƙofa ba, Gwaggo tana kicin ta ce ba ta ji komai ba. Amma ni na ji, Yaya, kuma bugun naka ne.

Ka zo a hankali. Ina jiranka.

Ƙanwarka, Auta.